Gilashin da Ya Fashe a Gidan Auta

Yayana bai taɓa karɓar magana yadda aka miƙa masa ita ba. Sai ya juya ta ya duba bayanta, kamar yadda nake duba bayan yadi kafin in sa masa almakashi. In ka ce masa ka tashi lafiya, zai ƙare maka kallo ya ce, "To me ya sa idonka ya yi ja?" Mutanen layinmu Tafinta suke kiransa, saboda aikin da ya yi a kotu har ya yi ritaya. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ɗinki ne sana'ata, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Tela.

Ba kotu ce ta fara koya masa zargi ba. Mahaifinmu yana da shagon kayan tangaran, su faranti da kofuna da butocin shayi, kuma a shagon muka tashi. In ɗayanmu ya zo ya ce, "Baba, kofi ya fashe," sai tsohon ya ce, "Kofin ƙafa gare shi da ya tako ya faɗo? Koma ka sako maganar." Sai ka dawo ka ce "na fasa kofi" sannan zai saurare ka. Mu sauran yaran mun ɗauki abin faɗan tsofaffi, ya shiga ta nan ya fita ta can. Yaya kuwa haɗiye shi ya yi.

Da ya gama makaranta ya sami aikin tafinta. Shekara da shekaru yana tsaye a wuri guda, tsakanin akwatin shaida da teburin alƙali, ƙarƙashin wata fanka mai yawan kuka ba iska. Mutum ya faɗi magana da Hausa, shi ya mayar da ita Turanci, lauya ya yi tambaya da Turanci, shi ya dawo da ita Hausa. Ba a tambayarsa ra'ayinsa, amma kowace ƙarya da aka yi a ɗakin nan sai ta bi ta bakinsa kafin ta isa kunnen alƙali. Yakan ce mini, "Tela, a kotu ba wanda yake yin komai. Wuƙa ce ta shiga, mota ce ta ƙwace, sanda ce ta sauka, kaya ne suka yi ƙafa. Duk mutanen kirki ne, kayan aikinsu ne 'yan iska."

Da wannan halin ya dawo gida bayan ritaya. In ya kulle ƙofa sai ya dawo daga bakin titi ya girgiza kwaɗon. In zai kai rediyo gyara sai ya ɗiga wa kayan cikinta jan farcen matarsa, don ya gane in an musanya masa. Matar tasa, da nake kira Anti, takan ce zama da Yaya kamar zama da ɗan sandan da ba ya tashi daga aiki ne. Amma ba mugu ba ne. Lokacin da mijina ya kwanta ciwon ajali, Yaya ne ya tare a barandar asibiti, yana bin kowace allura da ido, har ma'aikatan suka riƙa sauya hanya in sun hango shi.

Cikin 'ya'yansa ba wadda ya ɗauka ya sa a rai kamar ta ƙarshen, Auta. Ta karanci aikin jinya, ta zama nas a wani babban asibiti, ta auri wani injiniya da ke aiki a gidan ruwa. Dogo ne, marar magana, in ya zo gaisuwa sai ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Kowa ya yaba da shi ban da Yaya.

"Ladabin nan ya yi yawa," in ji shi. "Wanda bai ci bashin komai ba ba ya sunkuyawa haka."

Na ce, "Yaya, da bai durƙusa ba cewa za ka yi ba shi da tarbiyya."

Ya ce, "Da na san inda na sa shi."

Aure ya yi nisa ba a ji kansu ba, har wata safiya da Injiniya ya kawo Auta gida. An naɗe mata hannun dama da bandeji daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ga ɗinki a saman gira, leɓenta ya kumbura. Ya ce gilashin ƙofar barandarsu ne ya fashe ya yanke ta, kuma zai bar ta ta ɗan huta wajen mamanta tunda shi yini yake yi a wurin aiki. Yana cikin bayani wayarsa ta yi ƙara, ya nemi izini ya fita tsakar gida. Shugabar su Auta ce ta asibiti, da Turanci suka yi maganar. Ya manta a gidan wa yake, kuma tagar falon a buɗe take.

Da azahar sai ga Yaya a shagona, da wani tsohon ƙamus a hammatarsa, wanda bayansa ya ɓare na taɓa ɗinke masa da zaren takalmi. Ya ture yadin da ke kan teburin yankana ya ajiye shi.

"Kalma ɗaya ya faɗa sau biyu," in ji shi. "Ya faɗe ta a kan gilashin, ya sake faɗinta a kan 'yata."

Ya furta kalmar. Ni ba Turanci nake ji ba, a kunnena kamar "shata" ya ce. Na ce masa ni shatar da na sani ita ce ta alli a kan yadi.

Bai yi dariya ba. Ya lashi yatsa ya buɗe shafin. "Saurara. Ma'anarta ta farko, abu ya fashe farat ɗaya ya watse. Ba tsagewa ba ce irin ta bango, ba darewa ba ce irin ta katako, ba ɓalgacewar bakin faranti ba ce, ba marmashewa ba ce irin ta busasshen burodi da ke zuba a hankali. Tarwatsewa ce. Ragargajewa. Abu ya yi rugu-rugu yadda ba mai iya tsince shi. Kuma gilashin ƙofa mai kauri ba ya yin haka sai an maka masa abu mai nauyi."

"To ai ya ce ya fashe."

"Nan gizo ke saƙa. Mu a wajenmu fasa daban, fashe daban. In na ce ya fasa, kin san akwai hannu. In na ce ya fashe, na cire hannun. Ita wannan kalmar tasu ba ta sauya riga. Da wanda aka fasa da wanda ya fashe duk haka ake faɗinta. Lauyoyi na sonta ƙwarai, na sha jinta a bakinsu."

Na ce, "Ita Autar kuma fa? Mutum gilashi ne?"

Ya sauke yatsa ƙasa. "Ma'ana ta biyu, zuciyar mutum ta karye, a ruguza masa abin da ya dogara da shi. Ta uku kuma, mutum ya gaji liƙis, ya yi tiɓis, ko hannu ba ya iya ɗagawa."

"Ka ga ni. Ta ukun yake nufi. Yarinya tana aiki a tsaye yini guda, ba dole ta yi laushi ba?"

"Ko ta biyun. Ko ta farkon." Ya rufe ƙamus ɗin. "Mutumin da ke da kalmar gajiya guda nawa a bakinsa, me ya sa ya zaɓi mai ƙofa uku? Ruwa ba ya tsami banza, Tela."

Na ce masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na ja kekena na ci gaba da ɗinki. Amma har yamma ina kuskuren layi.

Kwanakin da suka biyo baya Yaya ya sa Auta a gaba. Ba da faɗa ba, shi ba ya ɗaga murya. Zai kawo mata shayi da kansa, ya zauna a bakin gado, ya yi hirar duniya, sannan ya jefo tambayar kamar ya tuna ne. Kullum amsarta ɗaya: "Baba, na zo wucewa ne na yi tuntuɓe, gilashin ya fashe." Ya tambaye ta da safe, ya tambaye ta bayan kwana biyu, ya sa Anti ta tambaye ta a kicin. Ko wasali bai sauya ba.

Wannan ya ƙara tayar masa da hankali. Ya ce mai gaskiya in ya maimaita labari yakan manta wani abu ya tuno wani, yau ya ce da tsintsiya a hannunsa, gobe ya ce bokiti ne. Wanda ya haddace ne kawai ba ya tuntuɓe a baki.

Ya matsa mini sai na raka shi gidan nasu, wai in ce na zo gwada labule. Maɓallin Auta ya ɗauka a jakarta, muka tafi da hantsi lokacin Injiniya yana wurin aiki. Gida ne ɗan madaidaici a bene na farko, ɗaki biyu da falo. An riga an sa sabon gilashi, an share wurin tas. Ina riƙe da tef ɗina kamar mai aikin gaske, shi kuma yana zagayawa da hannu a baya.

"Zo ki gani."

Ƙofar banɗaki ce. An cire sakatarta ta ciki, ramukan kusoshin na nan sababbi. Ta ɗakin kwana ma haka. A falo an naɗe kusurwoyin teburin da soso an ɗaure da salatif. A ƙasa kuma motar Auta na ajiye, ƙura ta rufe ta, taya ɗaya ta sace.

Muna saukowa muka haɗu da maƙwabciyarsu tana shanya. Yaya ya gaishe ta, ya yaba mata kyan unguwar, bai tambaye ta komai ba, ita da kanta ta kwance. Ta ce ranar ta ji wata ƙara daga bakin Auta, irin wadda ba ta taɓa jin mutum ya yi ba, sannan ta ji tartsatsin gilashi. Ta ce ba shi ne na farko ba, ta sha jin abu ya faɗi tim a samanta, in ta hau ta ƙwanƙwasa sai mijin ya leƙo ta 'yar kafa ya ce ba komai. Kuma an daɗe rabon da ta ga Auta ta ja motarta, shi yake kai ta shi yake ɗauko ta, ko kanti ba ta zuwa ita kaɗai.

A hanya Yaya ya jera mini su. Ya cire sakata don kada ta sami inda za ta kulle kanta. Ya ƙwace maɓallin mota don kada ta gudu. Ya naɗe tebur don kada a ga tabo. Gaskiya daga ranar ni ma na daina amsa gaisuwar Injiniya da sakin fuska.

Da ya zo ɗaukar matarsa ranar hutunsa, Yaya ya sa aka kira ni. Ya zaunar da shi a falo, ya hana Auta fitowa. Injiniya ya zauna a ƙasa kamar kullum, dogayen ƙafafunsa a naɗe.

"Gilashin nan, fashewa ya yi ko fasa shi aka yi?"

"Faɗuwa ta yi a kansa, Baba."

"Me ya kayar da ita?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Wa ya cire sakatar banɗaki?"

Ya ɗago ya dubi Yaya, ya dube ni. A nan ya gane mun shiga gidansa. Amma muryarsa ba ta sauya ba. "Ni ne."

"Don me?"

"Baba, ku yi haƙuri. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, Allah ne shaidata. Sauran maganar ba tawa ba ce, ba zan iya faɗa ba."

"Ta wa ce?"

"Ku tambaye ta."

"Na tambaye ta, ta karanta mini abin da aka biya mata." Yaya ya miƙe. "Na yi shekaru ina tsaye kusa da masu cewa Allah ne shaidarsu. Tashi ka tafi. 'Yata tana nan sai ranar da na ji maganar da ke da kai da ƙafa."

Auta tana kuka a ɗaki, tana cewa Baba ba haka ba ne, Baba ka bar shi. Yaya ya ce duk haka suke cewa. Injiniya ya fita, ya je mota, ya dawo da wata 'yar jaka. Ni ya miƙa wa a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, don Allah ki ba ta a hannunta yau ɗin nan. Na wajenta sun kusa ƙarewa."

Ban kai ga juyawa ba Yaya ya karɓe jakar. Ƙwayoyin magani ne a cikin wata farar roba, an kankare takardar jikinta ba a bar ko harafi ba. Ya jujjuya robar, ya buɗe ya sansana.

"Maganin da ba shi da suna," in ji shi. "Kin ga abin da yake ɗirka mata take yin laushi."

Ya jefa ta a durowarsa ya murɗa maɓalli, ya ce sai ya kai wa wani mai kemis da ya yarda da shi, wanda ya yi tafiya. Na gaya wa Auta an kawo magani Baba ya riƙe. Fuskarta ta sauya. Ta je ta same shi ta ce na ciwon kai ne, ya ba ta. Ya ce in na ciwon kai ne ga nasa nan mai suna a jiki. Ta tsaya tana murza yatsu, kamar za ta yi magana, sai ta juya. Ta ce za ta fita kemis, ya ce ba inda za ta, ya san wanda ke jiranta a kwanar layi. Wayarta ma ya karɓe.

Bayan 'yan kwanaki na roƙe shi ya bar ta ta zo shagona ta sha iska, don ta rame ta yi zuru-zuru. Ya yarda, amma ya biyo ta, ya zauna a bencin bakin ƙofa da jaridarsa. Tana zaune kusa da ni tana tsinke mini zaren wata riga, muna hira sama-sama. Sai na ji ta yi shiru a tsakiyar magana. Na waiga na ga idonta ya kafe a bango. Ta saki wata ƙara, jikinta ya sandare, ta zame daga kujera ta faɗi tsakanin kekuna biyu, kanta ya bugi ƙafar ƙarfen ɗaya. Sannan ta fara fizga, hannu da ƙafa, haƙora a datse, kumfa da jini na fita ta gefen baki.

Yaya ya shigo da gudu ya tsaya. Ban taɓa ganinsa ya rasa tambaya ba sai ranar. Matar da ta zo karɓar ɗinki tana cewa a kawo cokali a sa mata a baki. Ni kuwa ban san lokacin da na lalubo wayata na kira Injiniya ba.

Bai tambaye ni komai ba, kamar mai jiran kiran. "Gwaggo, kada a danne ta. Kada a sa mata komai a baki. Ku janye abin da zai buge ta, ki sa mata abu mai laushi a ƙarƙashin kai. In ta lafa ku juya ta ta kwanta a gefe. Ga ni nan."

Na tura mata tarin ƙyallaye ƙarƙashin kai. Yaya ya ja keken ɗinkin nan mai nauyi shi kaɗai ya kai shi bango. Kafin Injiniya ya iso ta lafa, tana numfashi da ƙyar, ba ta san inda take ba. Ya durƙusa ya goge mata baki da hannun rigarsa, yana kiranta a hankali, da ganin yadda yake yi ka san ba yau ya fara ba. Ya ɗago ya tambaye ni, "Ta sha maganin?" Na dubi Yaya. Yaya ya dubi ƙasa.

A asibiti, da ta dawo hayyacinta, ta faɗi komai. Farfaɗiya ce. Ta fara mata bayan wani zazzaɓi mai zafi da ta yi, kuma ta fi tashi in ta gaji ko ta rasa barci. Likita ya ce da magani za a iya riƙe ta, ana cikin gwada wanda zai karɓe ta ne. Ya hana ta tuƙi, ya hana ta kulle kanta a banɗaki. Ita ta kankare takardar robar da hannunta, don kada abokan aikinta su gani a jakarta. Tana tsoron a raba ta da aikin, tana tsoron yadda mutane ke janye jiki daga mai wannan ciwo kamar ana ɗauka. Ita ta sa mijin ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har iyayenta.

Yaya yana tsaye a ƙarshen gadon. Ya ce, "Har ni?"

"Kai ne ma na farko, Baba." Harshenta ya kumbura, maganar na fita da nauyi. "Da na gaya maka, da ka tashi neman wanda ya yi mini. Ka zargi asibitinmu, ka zargi likitan da ya duba zazzaɓin, ka zargi dangin mijina. Ba wanda ya yi mini. Zuwa ya yi."

"Da na riƙe maganin fa? Me ya hana ki buɗe baki?"

"Na zo zan faɗa. Na ga yadda kake kallona, irin kallon da kake yi wa mutanen kotu. Sai na ce bari in daure, wataƙila ba zai tashi ba."

Anti ce ta ce, "Ana zaton wuta a maƙera." Ba ta ƙarasa ba, ba wanda ya ƙarasa mata.

Washegari Yaya ya sa babbar rigarsa ya ce in raka shi gidan ruwa. Muka zauna a bencin masu gadi, ana ta shige da fice da manyan bututu a bayan mota, har aka kira Injiniya ya fito da hular kwano a hannu. Zai durƙusa Yaya ya riƙe kafaɗarsa.

"Na shiga gidanka ba da izininka ba. Na kira ka abin da ba kai ba ne a gaban ƙanwata. Na hana 'yata maganinta. Ni na yi, ba wani ba."

Injiniya ya ce, "Ba komai, Baba. Ya wuce."

"Kalmar nan da ka faɗa a waya ranar, a kan Auta. Me kake nufi da ita?"

Da alama ma Injiniya ya manta. Da Yaya ya tuna masa sai ya ce, "Gajiya nake nufi. In abin ya sake ta, yini take yi ba ta iya ɗaga kai." Ya juya hular a hannunsa. "Amma ko ɗayar ma'anar kuka ɗauka ba ku yi kuskure ba. Ranar da likita ya gaya mata, a mota ta zauna ta kasa fitowa."

Auta ta koma ɗakinta. Da kanta ta je ta gaya wa shugabarta gaskiya, ba a kore ta ba, aka mayar da ita sashen da ake ganin marasa lafiya da rana, aka ɗauke mata aikin kwana. An dace da magani, yanzu sai a daɗe abin bai tashi ba. Wasu daga cikin ƙawayenta sun ja baya kamar yadda ta ji tsoro, wasu ba su ja ba.

Tsakanin Yaya da surukinsa kuwa, ban ce an koma daidai ba. Injiniya yana zuwa gaisuwa, yana durƙusawa, amma ba ya zama shan shayi kamar da, kullum akwai aikin da ke jiransa. Ya sauya kwaɗon gidansa, kuma bai ba kowa maɓalli ba. Yaya ya lura, ba abin da ke wuce shi. Ya sha zuwa shagona ya zauna ya ce, "Tela, ya ce ba komai. Wane irin ba komai ne? Na wanda ya yafe, ko na wanda ya ajiye?" Nakan ce masa ya bar yaron ya huce a lokacinsa, wanda aka ƙona shi ya san zafin wurin.

Kada a ɗauka ya daina zargi. Wuri kawai ya sauya masa. Yanzu shi yake raka Auta ganin likita in mijin ba shi da sarari, ya zauna da hannu a kan sanda yana yi wa likitan tambayoyi har sai Auta ta taka masa ƙafa. Kowace robar magani sai ya karanta ranar lalacewarta, ya ɗaga ta a rana ya duba ko an taɓa buɗewa. Masu kemis uku ya sallama kafin ya sami wanda ya yarda da shi, shi ma ɗin rabin yarda.

Kwanan baya injin famfon gidan Yaya ya lalace, suka yi kwanaki suna sayen ruwa. Bai gaya wa kowa ba. Wata safiya sai ga ma'aikata da sabon inji a bayan mota, suka ce an turo su su sa. Yaya ya tare ƙofa ya ce wa ya turo su. Suka ce daga ofis. Ya ce ofis ba ya da baki, wane ne a ofis ɗin. Babbansu ya ce shi dai an ce kada ya faɗa. Anti ta leƙo ta ce, "Malam, ka bar mutane su yi aikinsu, kai ma ka san ko wane ne."

Ya matsa ya ba su hanya, amma ya jawo kujera ya zauna a kansu har suka gama, yana tambayar sunan kowane ƙarfe. Da za su tafi suka ɗauki tsohon injin za su jefa a mota, ya ce su ajiye masa kayansa. Yana nan a ɗakin ajiyarsa, ya lulluɓe shi da buhu. Da yamma ya kira Injiniya a waya, suka gaisa, suka yi maganar zafin gari, ba wanda ya ambaci famfo. Da zai kashe sai na ji ya ce, "Ruwan yana zuwa da ƙarfi." Daga can aka ce, "Madalla, Baba."